Rahoton Kwamitin Gini Kan Kammala Sabuwar Majami'armu

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, na gida da na birni.

Kwamitin gini na Ikilisiyar Katolika ta garinmu, a nan yankin Kaltungo na Jihar Gombe, yana sanar da ku cewa aikin sabuwar majami'a ya kammala, har mun danƙa wa Fada, limamin cocinmu, makullai. Da yawanku kun yi ta aiko da kuɗi daga nesa ba ku ga ko bulo ɗaya ba, don haka ya zama dole ku ji inda guminku ya shiga.

Tsohuwar cocin da bulon ƙasa iyayenmu suka gina ta, tun muna ƙaramin reshe da katikis ke jagoranta. Ta yi mana kaɗan tuntuni. Duk Lahadi matasa a gindin dogonyaro suke sauraron Misa ta taga, in kuwa hadari ya taso sai kowa ya kama gabansa. Dokar Ikilisiya ba ta yarda a fara ginin coci ba sai da rubutaccen izinin Bishop, shi ya sa muka kai zanenmu Bauchi, tunda Dayosis na Bauchi, wanda ya zama cikakken dayosis a 2003, shi ke riƙe da jihohin Bauchi da Gombe duka. Izini ya zo tare da shawara: a ajiye maganar doguwar hasumiya, a fara da abin da aljihu zai iya ɗauka. Wasunmu ba su ji daɗi ba a lokacin, amma shawarar ta yi rana.

Tun zaman farko muka tsayar cewa Kirsimeti ne lokacin neman kuɗinmu. Dalilin a fili yake. A Disamba amfanin gona ya shigo gida, masara da dawa da gyaɗa da wake suna rumbu, 'ya'yanmu na Gombe, Jos, Abuja da Legas kuma sun dawo hutu. Wanda za ka roƙa a watan Agusta ya ce maka kuɗin taki ya cinye shi, a Disamba da kansa zai tare ka. Saboda haka muka sa baiko na biyu a Misar daren Kirsimeti da ta safe, washegari kuma a yi gwanjo a filin coci.

Wanda bai taɓa ganin gwanjon nan ba an bar shi a baya. Akwai wani jan zakara da wata tsohuwa gwauruwa ta kawo, ƙafafunsa ɗaure da tsumman atamfa. Mai shela ya ɗaga shi sama, wani ɗan birni ya taya, abokin wasansa ya ce ba za a kunyata shi a gaban surukai ba, ya ƙara. Wanda ya saya ya biya, ya mayar wa coci, aka sake sa shi a kasuwa. Haka zakaran nan ya yi ta zagaye har rana ta yi sanyi, kuɗinsa ya zarce na akuya, daga ƙarshe aka mayar wa Baba abinta ta koma da shi gida.

Abin da ya ceci aikin nan, a ganinmu, doka ɗaya ce da muka kafa wa kanmu: kuɗin Kirsimeti ba ya kai Fabrairu a asusu. Da an ƙirga a gaban wakilan ƙungiyoyi an sa hannu, sai a mayar da shi kaya, wato rodi, tsakuwa, kwano da bulo. Siminti ba ya jure dogon ajiya, don haka da ya iso ake buga shi bulo nan take, yawancinsa na Ashaka da ake yi a Funakaye. Hatsin baiko ne kawai muke riƙewa a ɗaki har bazara, lokacin da ya yi daraja. An yi mana surutu, an ce kwamiti na gaggawar kashe kuɗi. Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mai kuɗi a banki ya rasa na biyan lebura, mu kuwa kayanmu na ƙasa, aiki bai tsaya ba. Aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na shekarar, kuɗin tifar yashi ya yi sama. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Da mun zauna a kan kuɗi muna jiran su taru, da yanzu a linta muke.

Tushe ya ci kuɗi fiye da yadda kowa ya zata. Filinmu baƙar laka ce, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Injiniya, ɗan Ikilisiyar nan ne kuma bai karɓi ko sisi ba, ya dage sai an haƙa an wuce lakar, an cike da jar ƙasa, an zuba kankare da rodi. Ranar zubin Zumuntar Mata Katolika ce ta ɗauki nauyin ruwa, tun asuba suna jere da bokitai a ka daga rijiyar burtsatse, suna waƙa. Matasa suka yi gayyar kwaɓi. Maƙwabcinmu Musulmi mai tifa ya kawo yashi, ya ce kuɗin mai kawai za a ba shi.

Gardama mafi zafi a kan rufi aka yi ta, katako ko ƙarfe. Katako ya fi araha, amma duk wanda ya leƙa saman tsohuwar cocin ya ga abin da gara ta yi. Ƙarfe ya yi nasara, masu walda suka haɗa shi a nan filin. Hakan ya ja mana jiran wata Kirsimetin kafin a ɗora kwano. Filasta, daɓe, tagogi, ƙofofi da fenti sun biyo baya ba tare da wata matsala ba.

Ba mai bin Ikilisiya bashi, birkila da kafinta da masu walda duk an sallame su. Cikakken lissafin shiga da fita yana manne a allon sanarwa, rasidai kuma suna ofishin Fada ga mai son dubawa.

Masu tambayar me ya sa sabon bagadi yake lulluɓe har yanzu: ba a miƙa Misa a kansa sai Bishop ya shafe shi da man Kirisma, wato tsattsarkan mai na shafewa, ranar keɓe majami'ar. Za a sanar da ranar da zarar ofishinsa ya tsayar. Kafin nan akwai sauran bencina, don na tsohuwar cocin ba su cika rabin sabuwar ba, ga sola da magudanar ruwa ta bayan gini da muke so a gama kafin damina. Baikon Kirsimetin bana can zai tafi. Iyalin da ke son ɗaukar nauyin benci guda su ga ma'aji bayan Misa.

Sakataren Kwamitin Gini, a madadin kwamiti