Makullin da suka damƙa maka

Abba,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya gajiya? Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah.

Mahaifiyarka ta kawo mini ƙararka. Ta ce kana tashi daga ofis ka koma ɗaki ka sake buɗe kwamfuta har biyun dare, kana yi wa mutanen da ba ka taɓa gani ba aikin da ko sisi ba a biyan ka. Na ce mata ta ɗauke shi kamar aikin gayya, yau ka yi noma a gonar wani, gobe a taru a taka. Na nuna mata wayar hannunta, na ce Android ɗin da ke ciki a kan Linux aka gina shi, shi kuwa Linux wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991 ya sake shi kowa ya duba, kowa ya gyara. Ta ce ita dai ba Linus ta haifa ba. Na yi shiru.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka daban ne. Ka ce mini a waya an ba ka ikon karɓar gyaran da wasu suka turo, ka shigar da shi cikin manhajar da kuke ginawa. Na ji murna a muryarka, na kuma taya ka. Sai da na kwanta abin ya riƙa yi mini yawo a rai, domin makullin rumbu aka damƙa maka, rumbun da ba ka san adadin masu ci daga cikinsa ba.

Ka san labarin xz, ƙila ma ka fi ni sani, amma ka sake jin sa daga bakina. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace na'ura mai Linux, mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana kula da ita kyauta har ya gaji. Sai wani ya ɓullo da sunan Jia Tan, ya yi sama da shekara biyu yana turo gyara mai kyau, ba gardama, ba rashin kunya. Wasu kuma suna gefe suna matsa wa mai ita lamba, wai ya yi sanyi, ya ba wani. Ya ba Jia Tan. Da hannunsa ya yi ƙwari, ya binne ƙofar baya a ciki, wadda za ta ba shi hanyar shiga na'urorin jama'a. A watan Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga na'urarsa ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin wajen rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa, Abba! Wani zai ce laifin intanet ne ya wuce. Shi ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya bazu. Ban ga laifin wanda ya gaji ba. Gajiyar ce ɓarawon ya yi ta jira, shi ya sa maganar mahaifiyarka ta biyun dare ba maganar barci kawai ba ce. Gyaran da ka karanta ido yana rufewa, ka bar shi ya kwana. Wanda ya ce sai yau sai yau, ka tambayi kanka me yake sauri a kai.

Ni kaina na taɓa ɓata rawata da tsalle. Kana goye a lokacin, na rubuta wa ofishinmu tsarin biyan albashi da dBASE, manhajar adana bayanai ta wancan zamani, a faifan filofi biyu. Ina ta alfahari ba wanda ya gane kansa sai ni. Ban rubuta bayani ko layi ɗaya ba, alawus ɗin gida na kira shi x2, na mota x3. Zazzaɓin taifot ya kwantar da ni mako uku, aka zo ƙarin albashi, ba wanda ya san inda zai taɓa. Masinjanmu ya zo duba ni da lemo a leda, bai ce komai ba, sai daga baya na ji a shagon unguwarsu bashi yake ci. Har yau idan na tuna ledar nan sai kunya ta kama ni. Don haka idan za ka ajiye gyara a Git, ma'ajiyar da ake adana tarihin sauye-sauyen manhaja, ka yi shi ƙarami, abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta dalilin da ya sa ka yi. Abin da ka canza kowa zai gani da idonsa, dalilin ne ke bin mutum kabari. Ka rubuta gwaji kafin ka ce an gama, kuma a cikin gwajin ka sa sunan da ke da ƙ da ɗ da ɓ, don na gaji da ganin Ɗanladi ya koma alamar tambaya a takarda.

Yaro zai turo maka gyaransa na farko cike da kuskure, da Turanci a karye. Ka tuna naka na farko, wanda ka kira ni kana huci don an mayar maka da shi sau huɗu. Ka nuna masa layin, ka gaya masa yadda zai gyara, kada ka kunyata shi a gaban jama'a. Amma ladabinsa daban, makulli daban.

Batun kuɗi kuma, idan kamfani yana cin riba da aikinku ya zo yana neman a yi masa gyara da gaggawa, ba abin kunya ba ne ka faɗi farashi. Aure na tafe, ba a kai lefe da godiyar mutanen intanet.

Ƙanwarka ta ce ka yi mata alkawarin tsohuwar kwamfutarka, ka taho da ita idan za ka zo sallah, da cajarta. Ka kira mahaifiyarka ranar Juma'a, da rana, ta ji muryar wanda ya yi barci.

Ka gaida abokan zamanka.

Mahaifinka