Zuwa ga Hadiza a Agadas

Tawa, ran Laraba da dare

Hadiza 'yar gari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Shirun nan naki ya isa haka. Kullum na kira sai a ce wayarki a kashe, in na same ki kuma ki ɗora wa rezo laifi. To ga takarda na ba ƙanen Abban Nana da zai hau mota gobe, sai in ga abin da za ki fake da shi. Bari in fara da abin da ya cika mini ciki.

Na bar shan ƙwayar tsarin iyali tun bayan ƙaramar salla. Nana ta shiga lakwal, muka ga lokaci ya yi da za a yi mata ƙane. Hadiza, ciwon marar nan ya dawo, irin na zamanin muna koleji da kike riƙe mini jaka har gida. Tun jajibirin zuwan jinin yake somawa, ya murɗe mara, ya zagaya ƙugu, ya sauka cinyoyi, ga tashin zuciya, ga gudawa. Wancan watan a durƙushe na wuni bisa tabarma, goshi a kan filo, kwalbar ruwan zafi naɗe cikin tsohon zane na danne mara da ita. Nana ta tsaya bakin ƙofa da allonta, ta kasa shigowa.

Hajiya da ta leƙo sai ta ce ai ƙwayar nasara ce ta tara mini mataccen jini a mahaifa, shi ne yake neman hanya. Ta jiƙo kanwa da citta. Na san don ƙauna ta yi, amma maganar ta hana ni barci, don na ɗauka haihuwar ma ta tafi ke nan.

Sai na je wurin sajfam ɗinmu, ungozomar asibiti, Allah Ya saka mata da alheri, ta juya bayan karnena ta zana mini mahaifa. Ta ce babu abin da ke taruwa, sinadarin ƙwayar kwanaki kaɗan yake yi ya bar jiki. Aikin ƙwayar shi ne ta hana ƙwai fita, ta kuma sa shimfiɗar cikin mahaifa ta zama siririya. Shi ya sa jinin da nake gani bayan ƙwaya 21, a makon guda 7 masu ruwan ƙasa, kaɗan ne kuma ba ciwo. Yanzu shimfiɗar ta koma kaurinta, tana fitar da wani sinadari, furostagilandin, mai sa mahaifa ta matse don ta zubar da jinin. In ya yi yawa matsewar ta yi tsanani, har hanji yake taɓawa, gudawar ke nan. Ashe ciwona ne na da can, ƙwayar ta rufe shi shekarun nan. Wallahi sai da na ji hawaye, don sauƙin da ya sauko mini.

Af, kin ji Zali ta haihu? Tagwaye! Ranar suna mijinta ya yanka raguna biyu har da kilishi a faranti, shi da ake cewa ko goro ba ya saye. Rakiya ta zo da lallen da ya kai gwiwar hannu, tana ta tambayar ki. Na ce kin zama Hajiyar Abzin, ba kya kula talakawan Adar.

To sajfam ta rubuta mini ibufurofen, ta ce in sha da abinci da zarar na ji alamar farko, kada in jira ya kama ni sosai, don sinadarin yake tarewa tun daga tushe. Mai gyambon ciki ba ya sha. Ta ja mini kunne cewa ciki na iya shiga tun watan farko, don haka in al'ada ta yi jinkiri in ajiye shi, in yi gwaji, in koma parasetamol. Ta ba ni kuma ƙwayar folik ta masu neman ciki. Watan nan na bi yadda ta ce, har tuwo na tuƙa.

Abin da ya rage mini a rai ɗaya ne. Ta ce al'ada kan ɗauki kamar wata 3 kafin ta daidaita, amma in ciwon yana ƙaruwa wata bayan wata, ko ana jin sa lokacin kwanciyar aure, ko jini ya yi ta zuba da gudaji, ko zazzaɓi ya biyo, sai an yi eko, wato hoton ciki, a duba ko ƙari ne a mahaifa ko wata cuta. Kin san Yaya Hassana haka ta yi ta daurewa ana ce mata in ta haihu zai wuce, har aka kai ga aiki. Ni ba zan daure ba. In wata mai zuwa ya fi wannan, zan je a duba ni.

Ke da kika cire robar tsarin iyali ta hannu bara, kin ga irin haka? Ki gaya mini gaskiya, ban da "lafiya lau" ɗin nan taki. Kuma kada maganar neman ƙanen Nana ta kai kunnen Rakiya, kin san ta.

Ki gai da Baban Sani, ki shafa mini kan auta. In mai takardar zai dawo ki aiko mini da cuku da dabinon Ingal.

Taki,
Mariyama