Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Kafin Ka Shigo Da Abokanka Gem Ɗin Gida Daga Nesa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka. Saƙonka ya iso kuma na gane abin da kake so. Minecraft ɗin da kuke bugawa a falo lokacin hutu, kowa da kwamfutarsa a kan Wi-Fi ɗin gida, yanzu an watse, wani yana Zariya, wani Kaduna, wani ya koma Yamai, kuma kuna son ci gaba daga inda kuka tsaya. Ka nemi kalmar sirrin rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, don ka buɗe ƙofa, wato port, lambar da saƙon gem ke bi ya shiga kwamfuta. Ban turo ta ba tukuna, saboda da wuya buɗe ƙofar ta yi maka aiki a irin layinmu, kuma akwai hanyar da ta fi sauƙi, ta fi aminci. Ka karanta a natse kana gaban kwamfutar.

Fara da sanin abin da ya hana su ganinka. Idan ka danna Esc ka zaɓi Open to LAN, kwamfutarka tana ta yin shela a cikin gida, kusan duk bayan daƙiƙa ɗaya da rabi, cewa ga duniyar gem a buɗe a ƙofa mai lamba kaza. Shelar ba ta wuce rauta, shi ya sa na falo kawai ke ganin sunanka a jerin. Adireshin da kwamfutarka take da shi, irin 192.168.1.20, shi ma na cikin gida ne. Miliyoyin gidaje suna amfani da irinsa, don haka idan ka tura wa na Zariya wannan lambar, kwamfutarsa za ta neme ta ne a ɗakinsa.

Abin da mutane suka saba yi shi ne su shiga rauta su ce duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 25565, wadda Minecraft ya saba amfani da ita, daga waje, a miƙa shi ga kwamfuta kaza. Wannan yana aiki ne kawai idan rautar tana da adireshi nata na kanta a intanet. Ga yadda za ka duba, mahaifiyarka za ta buɗe maka shafin ka gani: a burauza ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu ƙananan rautoci masu layin waya kuma 192.168.8.1 ne, lambar tana rubuce a ƙarƙashin na'urar. Ka nemo inda aka rubuta WAN IP, wato adireshin rautar ta ɓangaren intanet, ka kwafe shi a takarda. Sannan ka buɗe kowane shafin da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet ka kwatanta. In sun zo ɗaya, to. In sun bambanta, ko kuma na rautar ya fara da 10, ko ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, to muna bayan abin da ake kira CGNAT, wato kamfanin ya haɗa mu da tarin kwastomomi a kan adireshi ɗaya. Kamar mai ɗaki ne a gidan haya: ko ya bar ƙofar ɗakinsa a wangale, baƙo ba zai iso ba, domin makullin babbar ƙofa yana hannun mai gida. Yawancin intanet na layin waya haka yake, har da Starlink a tsarinsa na gida. Duk gyaran da za ka yi a rauta a wannan hali aikin banza ne, kuma yara da yawa suna kwana a kai suna zargin kwamfutarsu.

Hanyar da nake so ka bi ita ce ku haɗa kwamfutocinku a kan wata sadarwa ta sirri da ke tafiya a cikin intanet. Kowa ya sa manhaja ɗaya, manhajar ta ba shi sabon adireshi, sai kwamfutocin su riƙa ganin juna kamar suna ɗaki ɗaya. Da yake kowace kwamfuta ita ke fita neman 'yar'uwarta, ba a buƙatar buɗe komai a rauta. Akwai su da dama. Radmin VPN kyauta ce kuma ba ta da wahala, amma Windows kaɗai take hawa. Hamachi ta daɗe, sai dai ta kyauta na'ura 5 kawai take ɗauka a sadarwa ɗaya. Waɗanda na fi natsuwa da su biyu ne, ZeroTier da Tailscale, kuma bambancinsu yana da amfani ka sani. ZeroTier tana kwaikwayon wayar sadarwa ce sak, har da waccan shelar tana wucewa, don haka gem zai iya bayyana da kansa a jeri. Tailscale ba ta ɗaukar shela, dole kowa ya rubuta adireshinka da hannu. Ga Minecraft wannan ba matsala ba ce. Ga tsofaffin gem da ba su da wurin rubuta adireshi kuwa, ZeroTier ce za ta fitar da ku.

Ka ɗauki ZeroTier. Ka yi rajista a shafinsu, ka ƙirƙiri sadarwa, za a ba ka lamba mai harufa da alƙaluma 16. Ka bar ta a Private. Wajen zaɓen jerin adireshi, ka ɗauki wanda bai yi kama da na gidan kowa ba, misali mai farawa da 10.147. Idan ka zaɓi 192.168.1 alhali Wi-Fi ɗin wani ma 192.168.1 ne, kwamfutarsa za ta rasa ta wace hanya za ta aika saƙo, har intanet ɗinsa na yau da kullum ya iya rikicewa. Bayan haka kowa ya sauke manhajar daga shafin kamfanin, ya liƙa lambar, ya nemi shiga. Ba wanda zai shiga sai ka sa masa alamar amincewa. Kowace na'ura tana zuwa da lambarta mai alƙaluma da harufa 10. Ka kira abokin a waya ya karanto maka tasa kafin ka amince, kuma ka rubuta sunansa a gefe. Lambar da ba ka san mai ita ba, ka goge.

Idan ka fi son Tailscale, kada ka ba kowa asusunka. Kowa ya buɗe nasa, kai kuma ka yi amfani da Share ka raba musu kwamfutar gem ɗin ita kaɗai. Adireshinta zai fara da 100, kada ka rikita shi da wancan na rauta.

Yanzu gwaji, kuma kada ka buɗe gem ɗin tukuna. Abokin ya buɗe cmd, tagar rubuta umarni a Windows, ya rubuta ping -n 50 sai adireshinka na ZeroTier, wato ya aika wa kwamfutarka ƙananan saƙonnin gwaji 50 ya ga ko suna dawowa. Abu biyu zai duba a ƙarshe: matsakaicin lokaci, da kuma nawa suka ɓace a cikin hamsin ɗin. In duka sun ɓace, kar ku yanke hukunci nan take, Windows kan toshe ping ko da hanyar lafiya lau take. In suna dawowa, ƙasa da milisakan 50 ya yi kyau ƙwarai (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Wajen 100 za ku yi gini da noma ba damuwa. Daga 200 zuwa sama za ka ga mutum ya sare dutse ya dawo, ya yi gudu an jawo shi baya. Ɓacewar saƙo ta fi jinkiri muni: gara milisakan 120 a tsaye da 60 mai tsalle yana zubar da biyar cikin hamsin.

Sai ka buɗe duniyar. Daga fitowa ta 1.19.3 zuwa sama akwai gurbin da za ka rubuta lambar ƙofa da kanka, ka sa 25565 ka riƙe ta kullum. A tsofaffin fitowa gem ɗin ne ke zaɓar lamba, kuma tana sauyawa duk lokacin da ka buɗe, sai ka duba ta a wurin hira ka tura musu. Su kuma su shiga Multiplayer, Direct Connection, su rubuta adireshinka, ɗigo biyu, sai lambar ƙofa, kamar 10.147.17.5:25565. Dole kowa ya kasance a fitowa ɗaya, da ƙare-ƙare, wato mods, iri ɗaya in kun sa, kuma duniyar da aka buɗe ta wannan hanya mutum 8 take ɗauka har da kai.

In ping yana tafiya amma gem ya ƙi, kusan ko da yaushe katangar tsaron Windows ce. Kada ka kashe ta, ko da wani ya ce na minti biyar ne, don ba a tunawa a kunna. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta wf.msc, ka shiga Inbound Rules, New Rule, Port, ka zaɓi TCP ka rubuta 25565, ka ba da izini. Bayan ka ajiye, ka sake buɗe dokar, a shafin Scope ka taƙaita ta ga jerin adireshin ZeroTier kaɗai. Ka kuma duba ko akwai tsohuwar doka da ta toshe Java, manhajar da Minecraft ɗinku ke gudana a kanta, wadda takan samu idan an taɓa danna Cancel a kan tambayar Windows. Dokar toshewa tana rinjayar ta izini, sai ka goge ta.

Akwai kuma matsalar tsofaffin gem masu neman juna da shela. Windows kan tura shelar ta hanya ɗaya tak, wadda ta ɗauka ita ce gaba, kuma galibi Wi-Fi ce. Maganinsa: ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka buɗe Properties na ZeroTier, IPv4, Advanced, ka cire alamar Automatic metric ka rubuta 1. Kowa sai ya yi a tasa.

In jinkirin ya yi yawa alhali kuna ƙasa ɗaya, ka buɗe cmd da ikon mai gudanarwa ka rubuta zerotier-cli peers. A gaban kowane aboki za ka ga DIRECT ko RELAY. Na biyun yana nufin kwamfutocinku sun kasa samun juna kai tsaye, saƙon yana bi ta sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, wadda tana iya kasancewa a wata nahiya. Yi lissafi da kanka. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Daga Legas zuwa Landan kusan kilomita 5,000 ne a miƙe. Saƙo ya je can ya dawo wurin abokinka, amsa ma ta bi hanyar, kilomita 20,000 ke nan, milisakan 100, kafin a ƙara nisan Arewa zuwa Legas da lanƙwasar wayar a teku. Wannan yakan faru idan dukanku kuna bayan CGNAT mai tsauri. Abin da za ku gwada shi ne ɗayanku ya sauya layi, ko ku koma kan kamfani ɗaya, ko ku mayar da duniyar wurin wanda hanyarsa ta fi buɗewa. Wi-Fi ɗin makaranta kuma sau da yawa yana toshe irin wannan zirga-zirga, na Zariya ya gwada da layin wayarsa kafin ku ce manhajar ce.

Mai riƙe da duniya shi ke ɗauke da nauyin kowa. Saurin aikawarsa ne abin dubawa, domin shi ke tura wa kowane ɗan wasa bayanin abin da ke kewaye da shi, kuma a layukanmu aikawa takan yi ƙasa da saukewa sosai. Ka haɗa kwamfutarka da rauta da waya, Cat5e ko Cat6, tana kaiwa mita 100 ba tare da rauni ba. In babu hali, ka hau Wi-Fi na 5GHz ka zauna kusa. Ka rage Render Distance zuwa 8, domin naka ne yake iyakance na sauran. Kuma ka sani, da ƙanwarka ta fara tura bidiyo a WhatsApp, kowa a gem ɗin zai ji a jikinsa. Layin na gida ne gaba ɗaya, don haka ka duba yawan datar da ta rage kafin ku fara da bayan awa ɗaya, ka faɗa mini abin da ya ci, mu san yadda za a tsara. Lokacin ma ku tsayar da shi, kada ya ci sallah ko karatu.

Wuta ma abin lura ce. In aka ɗauke tana tsakiyar ajiya, duniyar tana iya lalacewa, aikin watanni ya tafi. Ka yi amfani da kwamfutar da ke da batir, rauta kuma ta kasance a kan inbata. Duk mako ka kwafe jakar da ke %appdata%\.minecraft\saves zuwa filashi, bayan ka rufe gem ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Wanda ka shigo da shi sadarwar yana ganin kwamfutarka ne gaba ɗaya, ba gem kaɗai ba. In Windows ta tambaye ka ko a bar wasu na'urori su gano kwamfutar a sabuwar sadarwar, ka ce a'a, dokar da ka rubuta ta isa. Ka kashe raba fayiloli da Remote Desktop. Ƙofar raba fayiloli, 445, ta nan muguwar manhajar nan WannaCry ta bi ta yaɗu a duniya a watan Mayun 2017. Abokinka ba sai ya yi mugun nufi ba, ya isa a ce tasa kwamfutar cike take da manhajojin sata. Saboda haka kada a sa ZeroTier a kwamfutar da mahaifiyarka take harkar banki da ita, kuma kada ka kunna wani zaɓi da zai haɗa sadarwar da sauran na'urorin gida. Abokin aboki da ba ka taɓa gani ba, ba ya shiga.

In kuma gwajin farko ya nuna muna da adireshi namu, za mu iya duba buɗe ƙofa, amma da sharuɗɗa. Sabar gaskiya za ka girka, ba Open to LAN ba, domin ita ce ke da jerin waɗanda aka yarda su shiga: a server.properties ka sa white-list=true, ka bar online-mode=true. A rauta a ɗaure kwamfutar da adireshi ɗaya don kada ya sauya gobe, a buɗe TCP 25565 kaɗai, ba a taɓa DMZ, wanda ke miƙa dukkan ƙofofi ga na'ura ɗaya. Akwai masu bin adiresoshin intanet dare da rana suna neman wannan ƙofar, kuma ramin tsaron nan da ake kira Log4Shell na Disambar 2021 ya nuna saƙo ɗaya a wurin hira yana iya ba baƙo iko da tsohuwar sabar da ba a sabunta ba. Wannan sai na dawo mu yi tare.

Masu buga na waya kuwa, wato Bedrock, ba sa buƙatar duk wannan: su shiga da asusun Microsoft, su zama abokai a ciki, su gayyaci juna. Sai dai na waya da na Java, irin naka na kwamfuta, ba sa haɗuwa a duniya ɗaya haka kawai, ka tambayi kowa wanne yake da shi tun kafin ka wahalar da kanka.

Ka turo mini lambobi uku na farkon WAN IP ɗin, da sakamakon ping na kowane aboki, da ko DIRECT ne ko RELAY. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.