Tashar Kiribi ta yi kyau, amma ina hanyar Arewa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tashar jiragen ruwa ta Kiribi da ke kudancin ƙasarmu Kamaru. Tun 2018 da ta fara aiki kullum zancen da muke ji shi ne filin masana'antu da aka keɓe a gefenta, a kawo kamfanoni a ba su fuloti, to madalla, ba mu ƙi ba. Amma kayan da aka sauke fa ta ina za su zo mana? Kiribi har yau ba layin dogo, jirgin ƙasa kuma daga Duwala iyakarsa Ngaundare, daga nan sai a ɗora wa tirela ta bi Garwa da Marwa, in ta wuce Mora zuwa Kuseri kuwa da damina sai dai addu'a wallahi, ga shingaye ga jira, duk kuɗin nan a kan buhun shinkafa yake ƙarewa. 'Yan'uwanmu na Injamena ma da ba su da teku wannan hanyar suke bi.

Ni a ganina masu tashar su matsa wa gwamnati a fara da dogo tukuna. Kuma auduga a nan Arewa ake nomanta, me zai hana a kafa masaƙu a nan?

Naku,
wani ɗan kasuwa daga Garwa