Zuwa ga Aminina a Landan: Jirgin da Ka Aiko Ya Canza Kama

Kano

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Landan? Mu ma nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, da safe ko dutsen Dala ba ma hangowa daga unguwarmu. Kowa lafiya lau. Hajiya tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko yana yi mata amfani, Allah ya yi maka albarka.

Nawa saƙon ma ya iso hannuna lafiya: kwalin Airfix mai ɗauke da sassan roba na haɗa ɗan ƙaramin samfurin DH.4, jirgin yaƙin Birtaniya, ma'aunin 1/72, tare da fallayen farar roba da ka haɗo. Na gode, Allah ya bar zumunci. Sai dai kafin ka gani a hoto hankalinka ya tashi, gara ka ji daga bakina. Ban haɗa shi yadda takardar cikin kwalin ta nuna ba. Reza na sa masa da ƙaramin zarto, na datse hancin, na raba fukafukan, na toshe mazaunin matuƙi. Ina mayar da shi ƙaninsa ne, DH.9A. Ka yi haƙuri ka ji dalili.

Ka tuna muna yara in muka bi ta filin sukuwa, manya kan ce mana nan jirgi ya taɓa sauka? To, irin wannan jirgin ne. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage 3 ƙirar DH.9A na runduna ta 47 ta sojojin saman Birtaniya suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka gangaro Wadi Halfa da Khartum, suka juya yamma ta El Obeid da El Fasher da Abeche da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, suka shigo ta Barno, ranar 1 ga Nuwamba suka sauka Kano, zamanin Sarki Usman. Daga nan suka wuce Kaduna. Ka sake karanta sunayen garuruwan nan. Hanyar alhazai ce ta ƙasa, wadda kakanninmu suke bi da jakuna da ƙafa, wani ya yi shekaru bai kai Bahar Maliya ba, wani ma ya yada zango a Sudan har zuriyarsa ta zama 'yan can. Su kuwa kwana 6 suka yi. Da na buɗe kwalinka na ga irin kamannin da ke tsakanin jiragen biyu, sai na ji ba zan iya ajiye jirgin da ya yi yaƙin duniya na ɗaya a Faransa a kan kantata ba alhali na garinmu yana ɓoye a cikinsa.

Kamannin kuwa yaudara ne, sai da na fara aunawa na gane. Faɗin fukafukan DH.4 daga wannan baki zuwa wancan bai cika mita 13 ba, na DH.9A kuwa mita 14 ne. In ka raba da 72, bambancin ya kai milimita 15, wato kowane ɓangare sai an ƙara masa 7 da ɗoriya, sama da ƙasa. Haka na yanka kowane fiffike, na cusa guntun roba a tsakani, na huda na soka siririyar wayar tagulla don kada ya karye a mahaɗa. Daga gaba zuwa baya ma fiffiken DH.9A ya fi da inci 3, milimita 1 ke nan a nawa. Wani zai ce wa zai lura da milimita 1? Ni zan lura. Na liƙa siririn ƙyalle a gaban kowanne, na shafa fila, na goge da sanfefa har yatsana ya daina jin gaɓar. Wannan gugar ta cinye haƙarƙarin da ke kwance a ƙarƙashin yadin fiffiken, dole na sake zana su ɗaya bayan ɗaya da fensir, na bi kowane layi da zaren roba da na ja a kan kyandir. Dare 9 na yi a kan wannan kaɗai, bayan sallar isha'i.

Gangar jikin ta fi ba ni sha'awa, don a nan ake ganin tunanin waɗanda suka ƙera shi. A DH.4 matuƙi yana zaune ne a ƙarƙashin fiffiken sama, mai bindiga yana can baya, babban tankin mai a tsakaninsu. Ana tsakiyar faɗa ba sa jin juna. Shi ya sa a DH.9 da DH.9A aka dawo da matuƙi baya, suka zama kusan baya da baya, ɗaya yana iya dafa kafaɗar ɗaya. Na toshe tsohon ramin, na fafe sabo dab da na baya, na yi kujera da allon agogunan matuƙi da sandar tuƙi, duk ba su fi ƙwayar wake ba. Ɗanka ƙarami ya leƙa da madubin ƙara girma ya ce, "Baba, in aka rufe ai ba mai gani." Na ce masa gaskiya ne, amma ni na san suna ciki.

Hancin kuwa sabo fil na gina. DH.9 na farko injinsa ya ba da kunya, sai kamfanin Westland ya sake fasalin jirgin a 1918 don ya ɗauki injin Liberty na Amurka, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400. Wannan injin ne ya ba shi ƙaton hanci mai kusurwa huɗu, da lagireto a goshi mai tagogin da ake buɗewa ana rufewa. Waɗanda suka yi aiki a ƙasashen zafi an ƙara musu wani lagireton a ƙarƙashin haɓa, ana kuma yawan ɗaura musu safayar taya a jiki, don in taya ta fashe a daji babu mai kawo maka wata. Duka biyun na yi su. Tayar ce ta fi taɓa ni, wallahi. Kamar direban babbar mota da ya san hanyar Agadas. Farfela kuma na sassaƙa ta daga siraran katako da na liƙe bisa juna, don in an shafa mata mai layukan su fito.

Sai ɗora fiffiken sama, inda ake raba yaro da babba a wannan sana'a. Sanduna 12 ne ke riƙe da shi, 8 tsakanin fukafukai, 4 a kan gangar jiki, kuma dole duk su tsaya a lokaci guda, na saman ya ɗan zarce gaba. Karon farko da hannu na gwada, gam bai kama ba, komai ya zube a kan tebur. Sai na tuna yadda muke kafa motar kara muna yara, mu tokare ta da tsinke har ta tsaya. Na yanka kwali na yi masa magirki, na zaunar da shi ciki, na bar shi ya kwana. Da asuba na ɗaga, ya tsaya cak.

Wayoyin da ke ɗaure fukafukan na yi su da zaren kamun kifi mafi siranta da na samu. Kana huda rami da ɗan mitsitsin abin huji, ka kama zaren da matsefata ka zira, ka ɗiga gam da bakin allura. In ya bushe za ka tarar ya ɗan saki. A nan turaren tsinke yake aiki: ka kunna, ka kawo jan bakinsa kusa da zaren, kusa kawai, kada ya taɓa. Kana kallo zaren zai motsa, ya miƙe tsaf kamar tsirkiyar goge. Numfashi ma riƙe shi nake yi. Sau 2 na matsa fiye da kima ya tsinke, na sake daga farko. Ɗakin kuma ya yi ta ƙamshi har uwargida ta ce wannan aikin dai ba ta ƙi shi ba.

Fenti ne ya ba ni ciwon kai. Bayan yaƙin duniya na ɗaya jiragen nan launin azurfa ake shafa musu, yana kare yadin daga rana, kuma azurfa ba ta rufa asirin ko ɗigon ƙura. Na shafa da yamma, na manta taga a buɗe, da safe na tarar hunturu ya yi masa ado da jan gari tun daga hanci har wutsiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana 3 ina gogewa a hankali tsakanin wayoyi. Yanzu sai na yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin tukuna, in na gama in kife shi da babbar roba. Tutar wutsiya na jera ta yadda take a wancan lokaci, shuɗi a gaba, fari a tsakiya, ja a baya, don sai a 1930 aka juya tsarin.

Bama-baman da ke cikin kwalin ban ɗaura su ba. Ba don in wanke jirgin ba ne. Irinsa ne Turawa suka yi ta jefa wa ƙauyukan Iraƙi da iyakar Indiya da Afganistan wuta da shi a shekarun 1920, kuma zuwansu Kano ma akwai nuna ƙarfi a ciki, shekara 22 kacal bayan sun ci garin. Na san wannan, zan kuma gaya wa yara. Amma ranar da nake son in tsayar ita ce ta saukarsa, mutanen gari sun yi cincirindo, dawakai suna zabura, injin yana hucewa. Ina shirya masa ɗan fili a kan katako da jar ƙasar da na ɗebo a gefen filin sukuwar kansa, na tankaɗe ta da rariya.

Yanzu ga roƙona. DH.9A guda 1 ya rage, mai lamba F1010, yana gidan tarihin sojojin sama a Hendon. In ka hau jirgin ƙasa na layin Northern ka sauka Colindale, ɗan taku ne, shiga kuma kyauta. Yana cikin jiragen da Nizam, sarkin Haidarabad ta Indiya, ya biya kuɗinsu, Jamusawa suka kama shi a Oktoba 1918, ya zauna Balin, ya ƙare a Foland kafin a dawo da shi Ingila. Launinsa na lokacin yaƙi ne, ba irin nawa ba, amma ƙashin ɗaya ne. Don Allah ka ɗaukar mini hoton lagireton daga gaba sosai yadda zan iya ƙirga tagoginsa, da bututun salansa ta kowane gefe, da zoben da ake ɗora bindigar Lewis a mazaunin baya, da inda wayoyin linzami suke fitowa daga jiki su nufi wutsiya. In da hali ka durƙusa ka ɗauko ƙarƙashinsa, wajen ƙafafu. Ka tafi da yara, za su ji daɗi.

Ba zan liƙa waɗannan sassan ba sai hotunanka sun iso. In Allah ya kawo ka da babbar salla za ka same shi a kan kanta, sai mu ɗauke shi mu je filin sukuwa da la'asar.

Ka gaida uwargida da 'ya'yana duka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Kano