Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan 'Ya'yanmu Da Rashin Kuɗi Ya Tsayar A Ƙofar Jami'a

Zuwa ga Mai Martaba Sarki, ta hannun Sakataren Majalisa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu iyaye da malamai da ɗalibai da muka sa hannu a wannan takarda mun kawo kukanmu gaban uba. An daɗe ana ce mana mu sa yara a makaranta, mun kuwa sa. Sun yi karatu, sun ci jarrabawa, jami'o'i da kwalejoji sun ba su gurbi. A daidai nan muke rasa su. Takardar gurbi tana zuwa ne tare da wa'adin biya, sau da yawa 'yan makonni, kuma gidan da ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya ba ya iya haɗa kuɗin shekara guda a cikin makonni. Uba ya zaga dangi, uwa ta sayar da abin da take ji da shi, kafin a cike kuɗin an rufe rajista. Takardar tana nan a adane cikin leda, yaron kuwa yana zaune a gida, ya daina ko son a tambaye shi labarin makaranta.

Ranka ya daɗe, kuɗin makaranta ma ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai ɗakin kwana, da ci da sha, da littattafai, da kuɗin mota, da kayan aiki ga masu karatun likita ko injiniya. Muna da yaran da suka shiga da ƙyar, suka yi shekara ɗaya ko biyu, ranar jarrabawa aka tare su a bakin ƙofa don ba su gama biya ba. Wannan asara ta fi ciwo, domin an riga an kashe abin da ba zai dawo ba, ga shi babu takardar shaida a hannu. Inda kuma yara biyu suka samu gurbi a gida ɗaya alhali ƙarfin iyaye na mutum ɗaya ne, mun san wadda ake yawan ce wa ta yi haƙuri sai baɗi: 'yar mace ce, ko da ta fi ɗan'uwanta maki.

Abin da muke nema haƙƙi ne da duniya ta amince da shi. Sashe na 26 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 1948 ya ce ilimi mai zurfi ya zama a buɗe ga kowa daidai wa daida bisa cancanta. Ko Jamus, wadda jiharta ta ƙarshe ta soke kuɗin jami'a a 2014, ba ta daina bai wa ɗalibai tallafin zaman makaranta gwargwadon samun iyayensu ba, tsarin da take kai tun 1971, saboda ta san ɗalibi mai yunwa ba ya karatu.

Roƙonmu na farko, Sarki ya kira masu hali da 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai da suka yi ƙarfi, a kafa asusun tallafin karatu a ƙarƙashin kulawar fada. Kiran Sarki ba ya faɗuwa ƙasa. Kuɗin a riƙa biyan sa kai tsaye ga makaranta, kuma kafin wa'adi ya cika. Tallafin da ya iso bayan an rufe rajista bai ceci kowa ba.

Inda muka fi so a tsaya da kyau shi ne yadda za a gane mabuƙaci. Duba albashin uba kawai yaudara ne. Mutum biyu na iya samun kuɗi ɗaya, ɗaya yana ciyar da mutum huɗu, ɗaya goma sha biyu har da marayun ɗan'uwansa. Shirin tallafin karatun jami'a na ƙasar Barazil mai suna ProUni, wanda ya zama doka a 2005, yana raba abin da gida ke samu ne bisa yawan mutanen gidan: idan rabon kowa bai wuce ninki ɗaya da rabi na mafi ƙarancin albashi ba, a biya wa ɗalibi duka, idan bai wuce ninki uku ba, a biya rabi. Wannan mataki na rabi yana da muhimmanci. A Afirka ta Kudu, bayan zanga-zangar ɗalibai ta 2015, an ɗauki nauyin 'ya'yan gidajen da samunsu bai wuce rand 350,000 a shekara ba, sai aka bar waɗanda suka ɗara haka da kaɗan a tsakiya, ba su cancanci tallafi ba, ba su kuma iya biya ba. Malamin firamare da ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda, irin wannan rami suke faɗawa, kuma kunya ba ta barin su su yi magana. Masu unguwanni sun san gidan kowa, shaidarsu za ta fi kowace takarda faɗin gaskiya, muddin an sa aƙalla mutum biyu su tabbatar.

Idan asusun zai ba da rance, kada a nemi biya sai wanda ya ci ya kama aiki kuma samunsa ya kai wani mizani, kamar yadda Ostareliya ke yi tun 1989. Ɗan talaka yana tsoron bashi fiye da yadda masu tsara doka ke zato, kuma da gaskiyarsa.

Muna kuma roƙon a ware ɗaki guda mai kwamfuta da intanet, da matasa biyu ko uku masu ilimi, su riƙa sanar da guraben tallafin gwamnati da na ƙungiyoyi, su taya yara cike fom. Da yawa ba a hana su ba, labarin ne bai kai gare su ba sai bayan an rufe.

Sunayen waɗanda aka taimaka da adadin abin da aka tara da wanda aka kashe, a lika su a bainar jama'a kowace shekara. Ranar da aka fara jin cewa sai wanda ya san wani, masu bayarwa za su janye hannu.

Muna neman Sarki ya sa mana ranar da wakilanmu za su zo gaban majalisa kafin a fara sabuwar rajista, za mu zo da sunayen yaran da takardun gurbinsu.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
Iyaye, malamai da ɗalibai masu sa hannu.