Ginin tukwane ilimi ne da ya cancanci a rubuta shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wata sana'a da ake yi wa gurguwar fahimta, wato ginin tukwane. Sau da yawa nakan ji mutane, har da masu ilimi mai zurfi, suna ambaton ta a matsayin abin da zamani ya bari a baya. Idan ma za su yaba, sai su yaba wa tangaran mai ƙyalli da ya fito daga masana'anta, su ɗauki tukunyar da aka gina da hannu aka gasa a fili a matsayin aikin wanda bai kai ga wayewa ba. Na daɗe ina karanta tarihin wannan sana'a, na kuma zauna kusa da magina ina kallon yadda hannunsu ke tafiya, kuma abin da na fahimta shi ne kowace dabara ta gini da gashi tana da buƙatar da take biya, kuma mai raina ginin hannu bai san abin da ke cikinsa ba.

A tarihi, tsofaffin tsingaro da masu tonon kayan tarihi suka samu sun fito ne daga kogon Xianrendong da ke ƙasar Sin, an kuma ƙiyasta shekarunsu da kimanin 20,000. A Japan, tukwanen mutanen Jomon sun kai kusan shekara 16,000, sannan a Ounjougou ta ƙasar Mali an tono waɗanda suka haura shekara 11,000. Abin lura a nan shi ne, a waɗannan wurare an fara gina tukunya tun kafin a fara noma, kuma al'ummomin da ke nesa da juna kowacce ta gano sirrin da kanta. Faifan nan mai juyawa da ake ɗora yumɓu a kai, wanda wasu ke ɗauka shi ne asalin sana'ar, bai bayyana ba sai wajen shekara 5,000 zuwa 6,000 da suka wuce, a yankin da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat, wato Iraƙi ta yau. Ke nan ɗan Adam ya shafe dubban shekaru masu yawa yana gina tukwane da tafin hannunsa kafin faifai ya zo, kuma mutanen nahiyar Amurka, irin su Moche na ƙasar Peru, sun yi kayan yumɓu masu ban mamaki ba tare da dogaro da shi ba.

Aikin kansa yana farawa ne daga sanin ƙasa, domin ba kowace laka ce yumɓu ba, kuma ko a cikin yumɓun akwai mai danƙo da yawa da mai ƙarancinsa. Mai danƙo da yawa yana da daɗin sarrafawa, amma yana tsukewa sosai yayin bushewa har ya tsage. Shi ya sa magini ke garwaya shi da yashi, ko ƙaiƙayi, ko garin tsohon tsingaro da aka daka, domin jikin tukunyar ya sami ƙananan kafofin da ruwa zai bi ya fita. Babu ma'auni rubutacce da yawancin magina ke bi a wannan haɗi, yatsunsu ne ke gaya musu ya yi ko bai yi ba. Daga nan sai a kwaɓa, a cuɗa, a tattake har iskar da ta maƙale a ciki ta fita kuma laushin ya zama bai ɗaya. Wajen gini akwai mai mulmula yumɓun ya yi tsawo kamar igiya yana ɗora shi zagaye bisa zagaye yana shafewa, akwai mai kife tsohuwar tukunya ya lulluɓe gindinta da yumɓu ya sami rabin sabuwa, akwai kuma mai tara dutse daga ciki yana bugun waje da katako har bangon ya yi siriri ya kuma yi ƙarfi. Faifai mai juyawa sauri yake bayarwa da daidaiton girma, wanda ya dace da biranen da ke buƙatar kwanuka dubbai iri ɗaya, amma ƙatuwar randa mai zagayayyen gindi ta fi samuwa ta hanyar hannu.

A wurin gashi ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya, saboda a nan ilimin ya fi zurfi. Tukunyar da ta bushe a inuwa, komai taurinta, idan aka jiƙa ta za ta koma laka. Abin da ke mayar da ita abin da ruwa ba ya narkarwa shi ne wuta, kuma wutar tana aiki mataki-mataki. A digiri 100 na ma'aunin Celsius ragowar danshin da ke jikinta yana zama tururi, kuma idan an gaggauta zafin a wannan lokaci tururin kan fasa ta. Wannan ne dalilin da ya sa gogaggun magina ke ɗumama tukwane a hankali kafin su cinna babbar wuta. Tsakanin digiri 450 da 600 ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin yumɓun kansu yana fita, daga nan kuma babu komawa. A daidai digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke ciki suna ɗan kumbura farat ɗaya, sannan su sake tsukewa yayin hucewa, don haka wurin yana da haɗari a hawa da sauka. Hatta launi wuta ce ke yanke hukuncinsa: sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙasa yana yin ja idan iska ta wadata, ya yi baƙi ko ruwan toka idan an toshe iskar hayaƙi ya rufe. Girkawan Atina sun yi amfani da wannan sani suka fitar da ja da baƙi a jikin tulu ɗaya, ta hanyar buɗe matoya da toshe ta da sake buɗewa a gashi guda. Maginiyar da ke turbuɗe tukunya mai zafi cikin ganye ko dusa domin ta yi baƙi, ita ma da toshe iska da hayaƙi take aiki.

Ba na musun cewa tarihin tangaran abin burgewa ne. Mutanen Sin sun gina matoya mai kai zafin digiri 1,300, suka haɗa farar ƙasar da ake kira kawolin, wadda ta samo sunanta daga tudun Gaoling kusa da birnin Jingdezhen, da wani nau'in dutse, suka fitar da kwanon da haske ke ratsawa. Magina a Basra, a ƙarni na 9 zamanin Abbasiyawa, da suka ga waɗannan kaya ba su kuma da irin ƙasar, sai suka zuba kuza a cikin ruwan ƙyallin da suke shafawa, suka sami fari tas da za a yi zane a kai; wannan dabara ta bi ta Andalus ta shiga Italiya da sauran Turai. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna neman sirrin tangaran ɗin Sin kafin wasu masu bincike biyu, Tschirnhaus da Böttger, su cim masa a Jamus wajen 1708, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya nuna yadda sana'ar ta riƙa yawo tsakanin al'ummomi, kowa yana karɓa yana ƙarawa.

To amma a ɗauki wannan tangaran mai daraja a ɗora shi kai tsaye a kan harshen wuta, za a ji ya tsage, domin jikinsa ya haɗe kamar gilashi ba shi da wurin da zai saki idan wani ɓangare ya riga wani zafi. Tukunyar da aka gasa a fili da zafin da yawanci bai wuce digiri 900 ba, mai garwaye da yashi da tsingaro, ita ce ke jure wuta kullum tsawon shekaru, kuma zagayen gindinta yana rarraba zafi. Haka nan randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsafo: ruwan da ya fito ta kafofin jikinta yana bushewa a iska, yana tafiya da zafin na ciki. Tarihin Ladi Kwali ya bayyana wannan fiye da duk wani bayani nawa. Ta ƙware a ginin hannu tun tana yarinya, kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani maginin tukwane ɗan Ingila, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda ta zama mace ta farko a wurin. Manyan tulunanta da ta gina da hannu, aka shafa musu ƙyalli aka gasa da zafi mai tsanani, sun shiga gidajen adana kayan fasaha na duniya, ita kuma ta sami digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Sai dai waɗannan tuluna sun ƙara nauyi, sun daina tsatsafo, sun tashi daga ma'ajin ruwa sun koma kayan kallo. An sami kyau da ƙarko, an kuma rasa wani amfani, kuma adalci shi ne a faɗi duka biyun.

Akwai ma wani abin da ya kamata a sani game da ƙyalli. Tun zamanin da, wasu magina kan sa dalma a cikin ruwan shafen saboda tana narkewa a ƙaramin zafi tana kuma ba da sheƙi, alhali kuwa idan gashin bai kai ba, abu mai tsami yana iya jawo ta daga jikin kwanon zuwa cikin mai ci. Gubar dalma tana yi wa ƙwaƙwalwar yara illar da ba ta gyaruwa, don haka sheƙi kaɗai bai isa shaidar inganci ba.

Abin da ke damuna, Ya Edita, shi ne tarihin Meissen da Jingdezhen yana nan a rubuce, amma sanin da ke hannun tsofaffin magina, na gane yumɓu da taɓawa, da sanin ranar da ta dace da gashi, da karanta launin wuta da ido, yawancinsa ba a takarda yake ba, kuma duk wadda ta rasu ba ta koya wa kowa ba ta tafi da nata. Ina roƙon jaridarka ta tura wakilanta su zauna da masu wannan sana'a, su tambaye su sunayen kayan aikinsu da matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, su buga amsoshin da kalmomin maginan kansu. Ina kuma kira ga malaman kimiyya a makarantu da su kai ɗalibansu matoya ranar gashi, su auna zafin wutar, su gwada nauyi da girman tukunya kafin gashi da bayansa, su rubuta abin da suka gani.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarka a kullum.